Daga ɗakin semina zuwa kanun labarai: yaushe binciken fiziks ke zama abin dogaro?

A ranar 7 ga Maris, 2023, a birnin Las Vegas, wani malamin Jami'ar Rochester mai suna Ranga Dias ya tsaya gaban babban taron ƙungiyar masana fiziks ta Amurka, ya ce shi da ɗalibansa sun haɗa wani sinadari da wutar lantarki ke ratsawa ba tare da ta yi asarar komai ba, kuma ba sai an sanyaya shi ba, a zafin ɗaki, wajen digiri 21. Ɗakin ya cika maƙil, har sai da masu gadi suka riƙa tare mutane a ƙofa. Washegari mujallar Nature ta buga takardar, kafafen labarai suka ɗauka. A watan Nuwamba na shekarar mujallar ta janye ta. Kafin 2024 ta ƙare, jami'ar ta tabbatar da cewa Dias ya daina yi mata aiki.

Wanda ya ga labarin farko a wayarsa, bayan wata takwas kuma ya ga na biyu, dole kansa ya ɗaure. Ba a gaban masana aka yi bayanin ba? Ba babbar mujalla ce ta buga ba? In waɗannan biyun ba su isa shaida ba, me ya isa? Kafin a iya amsawa sai an leƙa wata al'ada da ba kasafai take shiga jarida ba, wato zaman da sassan fiziks na jami'o'i ke yi mako-mako, inda mutum ke tsayawa gaban allo, abokan aikinsa kuma na zaune suna laluben inda ya yi kuskure.

Zaman ba iri ɗaya ba ne

Lacca ita ce wadda kowa ya sani. Malami na koyar da abin da aka daɗe da tacewa, kamar dokokin motsi da Newton ya wallafa a 1687. Ɗalibin da ya ɗaga hannu a nan yana neman ya gane ne, ba ya rusa dokar ba.

Semina wani abu ne daban. Mai jawabi yana kawo aikin da yake kan yi, sau da yawa bai ma kammala ba, masu sauraro kuwa 'yan fanninsa ne, daga farfesoshi zuwa ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ana iya katse shi a tsakiyar magana. Tambayoyin da aka fi ji ba su da yawa: ta yaya ka auna? Kuskuren awon nawa ne? Ka cire hayaniyar na'urar? Wa ya sake gwadawa ban da ku? Akwai kuma kolokiyam, wanda ake gayyato baƙo ya yi wa sashe gaba ɗaya bayani da harshen da ɗan wani reshe zai fahimta, sai kuma ƙaramin zaman da malami ke yi da ɗalibansa kaɗai, inda ake baje ɗanyen sakamako tun ba a gyara shi ba.

Laccar da sabon farfesa ke yi a bainar jama'a, wadda jami'o'in Najeriya ke yi wa gagarumin biki, ba ta cikin wannan sahu. A al'ada ba a ma yin tambaya bayanta. Haka shi ma taron manema labarai, ko da a harabar jami'a aka yi shi, ko da shafukan majigin da aka haska su ne dai waɗanda aka haska a semina. Abin da ya raba su shi ne su wa ke zaune a kujerun, da kuma ko suna da ilimi da damar cewa “ban yarda ba”.

Inda aka faro

A 1834 ne Franz Neumann da Carl Jacobi da wani abokin aikinsu suka buɗe seminar lissafi da fiziks a Jami'ar Königsberg, garin da yau ake kira Kaliningrad a Rasha. Maimakon ɗalibi ya zauna yana kwafar abin da malami ke karantowa, sai a ba shi matsala ya je ya warware, ya dawo ya kare amsarsa. Ɗaya daga cikin ɗaliban Neumann, Gustav Kirchhoff, a aikin semina ya fitar da dokokin rarrabuwar wuta a cikin wayoyi a 1845, dokokin da har gobe duk ɗalibin injiniyan lantarki sai ya bi ta kansu.

Daga Jamus al'adar ta bazu, kowane gari da irin zafinta. A Leiden ta ƙasar Holan, Paul Ehrenfest ya riƙa tara mutane daren Laraba, ba ya barin mai jawabi ya wuce wata gaɓa sai kowa ya gane ta, baƙin da suka yi jawabi kuma sukan sa hannu a jikin bango, sa hannun da aka adana har yau. A Mosko, seminar Lev Landau ta ranar Alhamis da ƙarfe 11 ta yi suna wajen tsanani, domin yakan tsayar da mutum tun a mintunan farko in ya ga maganar ba ta da tushe.

Misalin da ya fi nuna amfanin abin ya faru a Zurik a ƙarshen 1925. Peter Debye ya nemi Erwin Schrödinger ya yi wa mahalarta kolokiyam bayanin ra'ayin wani matashin Bafaranshe, Louis de Broglie, cewa ƙananan ƙwayoyi irin su ilektiron suna da ɗabi'ar igiyar ruwa. Felix Bloch, wanda ɗalibi ne a ɗakin, ya ba da labari daga baya cewa da aka gama Debye ya nuna bayanin bai gamsar da shi ba, domin mai maganar igiyar ruwa wajibi ne ya kawo lissafin da ke tafiyar da ita. Bayan 'yan makonni Schrödinger ya dawo ɗakin da lissafin a hannu. Shi ne wanda ya wallafa a 1926, ya kuma ci kyautar Nobel da shi a 1933. Sukar Debye ce ta haifar da aikin, ba tafi ba.

Abin da ya sauya

A da, tsakanin abin da aka faɗa a ɗaki da abin da jama'a za su ji akwai tazara mai tsawo. Mai bincike zai zagaya jami'o'i yana shan tambayoyi, ya gyara, ya aika wa mujalla, edita ya tura wa masana biyu ko uku da ba a bayyana sunansu su tantance, sannan a buga. Kurakurai da yawa a kan wannan hanya suke mutuwa, ba wanda ya ji labarinsu.

Abubuwa uku suka gajarta tazarar. Na farko rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya buɗe a 1991, inda masanin fiziks ke ɗora daftarin takardarsa duniya ta gani tun mujalla ba ta duba ba. Na biyu kyamara: manyan seminoni yanzu kai tsaye ake yaɗa su, shafukan majigi kuma ana ɗora su a intanet. Na uku gasa. Na'urorin yau na cin miliyoyi ko biliyoyin daloli, ƙungiyoyi da dama na farautar abu guda, wanda ya riga faɗa kuma shi ake tunawa. Jami'o'i ma suna da ofisoshin hulɗa da 'yan jarida da ke jiran irin wannan rana.

Tun kafin intanet an ga inda hakan ke kaiwa. A ranar 23 ga Maris, 1989, Jami'ar Utah ta kira taron manema labarai, inda masana kimiyyar sinadarai biyu, Stanley Pons da Martin Fleischmann, suka ce sun samar da makamashin nukiliya irin na rana a cikin kwalba a kan tebur. Sun tsallake zaman masana ne saboda jami'ar na tsoron wata tawaga ta Jami'ar Brigham Young da ke kusa ta riga su, ga kuma batun haƙƙin mallaka. A farkon Mayu, a taron masana fiziks a Baltimore, masu bincike daga jami'ar Caltech da wasu wurare suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ce sun gwada ba su ga komai ba. Duk da haka jihar Utah ta zuba dala miliyan 5, cibiyar da aka buɗe don aikin kuma ta rufe a 1991.

Wayar da ba ta zauna daidai ba

Labarin tawagar masu bincike ta OPERA ya bambanta, domin su ba su guje wa semina ba, ita suka nufa. Tawagar tana karɓar wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna nutirino da ake harbowa daga cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba, su ratsa ƙarƙashin ƙasa kilomita 730 zuwa Gran Sasso a Italiya. Awonsu ya nuna ƙwayoyin na isowa da nanosakan 60 kafin lokacin da haske zai iso. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa, a cikin 60 kuwa haske bai fi ya ci mita 18 ba. Ƙanƙanin abu ne, amma in ya tabbata ka'idar Einstein ta 1905, wadda ta ce babu abin da ke wuce haske gudu, ta sami matsala.

A ranar 23 ga Satumba, 2011, Dario Autiero ya gabatar da sakamakon a CERN, ya bi matakan awon ɗaya bayan ɗaya, tawagar kuma ta fito fili ta ce ba ta da fassara, tana neman a taya ta duba ne. Amma seminar kai tsaye aka yaɗa ta, kuma abin da ya isa kunnen jama'a shi ne an kayar da Einstein. A Fabrairun 2012 aka gano cewa wata wayar gilashi da ke kai saƙon GPS zuwa agogon na'urar ba ta ɗauru sosai ba, akwai kuma wata matsala a agogon kansa. Wata tawaga mai suna ICARUS da ke wuri guda ta auna ta ga nutirino bai wuce haske ba. A ƙarshen Maris shugaban OPERA, Antonio Ereditato, da Autiero suka sauka daga muƙamansu.

A nan akwai wani ma'auni da ke yawan ruɗa masu karatu. Masana fiziks kan ce sakamako ya kai “sigma biyar”, wato in babu komai a wurin, yiwuwar sa'a kawai ta haifar da alama mai ƙarfin haka kusan ɗaya ce cikin miliyan uku da rabi. Sakamakon OPERA ya kai sigma shida. Sai dai ma'aunin sa'a kaɗai yake aunawa. Bai san da sakakkiyar waya ba. Na'urar da ke da aibi za ta maimaita kuskure guda sau dubu, lissafin kuma ya riƙa nuna tabbaci na ƙaruwa.

Ƙurar da aka ɗauko daga majigin wani

Babu labarin da semina ta shiga cikinsa ta ko'ina kamar na BICEP2. Wannan na'urar hangen nesa ce da aka girke a ƙuryar kudancin duniya, tana duba tsohon hasken da masana ke cewa ya saura tun farkon buɗewar sararin samaniya, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. A ranar 17 ga Maris, 2014, John Kovac da abokansa suka sanar a cibiyar nazarin taurari ta Harvard da Smithsonian cewa sun ga wani salon murɗewa a cikin hasken, wanda suka ɗauka sawun kumburar da sararin ya yi ne cikin ƙiftawar ido ta farko. An fara maganar Nobel tun ranar. Jami'ar Stanford ta saki bidiyon wani ɗan tawagar yana ƙwanƙwasa ƙofar Andrei Linde, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ka'idar, don yi masa albishir, miliyoyin mutane suka kalla.

Matsalar ita ce ƙurar da ke cikin rukunin taurarin da duniyarmu take ciki ita ma tana iya haifar da irin wannan murɗewa. Kamar mai hangen fitilar nesa ne a cikin hazon hunturu: sai ya san kaurin hazon kafin ya yi magana a kan fitilar. BICEP2 a zango guda na haske take kallo, don haka ba za ta iya raba ƙura da abin da take nema ita kaɗai ba. Wadda ke da awon ƙurar ita ce tawagar kumbon Planck na Turai, ita kuma ba ta saki bayananta ba tukuna. Sai 'yan BICEP2 suka yi amfani da ƙiyasi iri-iri, ciki har da wata taswira da suka ciro daga shafin majigi da wani ɗan Planck ya haska a wani taro a 2013. Taswirar ta wucin gadi ce, ba a yi ta don a gina lissafi a kanta ba.

A watan Mayu, Raphael Flauger ya yi jawabi a Princeton, inda ya sake bin lissafin, shi ma da irin waɗannan shafukan majigi. Ya nuna cewa taswirar ta haɗa da wani haske daga rukunonin taurari masu nisa da ba a cire ba, kuma in aka gyara, ƙura kaɗai na iya bayar da dukan abin da aka gani. Da takardar BICEP2 ta fito a mujalla a watan Yuni, an sassauta kalamanta. A ƙarshen Janairun 2015 tawagogin biyu suka haɗa bayanansu, suka ce babu hujjar cewa an ga sawun da ake nema. Wato shafin wani jawabi ne ya taimaka aka yi kuskuren, wani jawabin kuma ya tono shi, duk cikin wata biyu, tun mujalla ba ta buga komai ba.

Waɗanda maganarsu ta tsaya

A ranar 4 ga Yuli, 2012, a ɗakin da aka yi seminar OPERA, Joe Incandela da Fabiola Gianotti suka gabatar da shaidar sabuwar ƙwaya mai kama da wadda Peter Higgs da wasu suka yi hasashe a 1964. Su ma ba su jira mujalla ba, sai ƙarshen watan suka aika takardunsu. Amma tawagogi biyu ne, CMS da ATLAS, kowacce da na'urarta da mutanenta, kuma dukansu suka ga abu guda a wuri guda. Tawagar LIGO kuwa, da ta kama kaɗawar sararin samaniya daga karon baƙaƙen ramuka biyu (wuraren da ko haske ba ya kuɓuta daga jansu) a ranar 14 ga Satumba, 2015, sai ta kama bakinta wata biyar tana bincikar kanta, har da tambayar ko wani ne ya cusa alamar da gangan. Ba ta yi magana ba sai 11 ga Fabrairu, 2016, bayan mujalla ta amince da takardar, ga kuma na'urori biyu, ɗaya a jihar Washington ɗaya a Louisiana, da suka ji abin kusan lokaci guda.

Inda masana suka rabu

Masu goyon bayan a faɗa da wuri suna da hujjoji masu nauyi. Tawagar mutum ɗari ko dubu ba ta iya riƙe sirri, in ba a yi bayani a hukumance ba jita-jita ce za ta yi. Kuɗin jama'a ne ke biyan aikin. Sannan idanu dubu sun fi na masu tantancewa uku gani, kuskuren OPERA ma bai kai wata shida ba aka gano shi. A ganinsu, hukunta wanda ya fito ya ce “ga abin da na gani, ku taya ni dubawa” zai koya wa na baya su riƙa ɓoye duk sakamakon da ya saɓa wa abin da aka saba.

Ɗaya ɓangaren na cewa a bi tsari. Paul Steinhardt na Princeton ya rubuta a Nature a 2014 cewa kamata ya yi sanarwa ta biyo bayan tantancewar masana. Yana da kyau a san cewa shi mai sukar ka'idar kumburar ce tun da daɗewa, amma da yawa waɗanda ba su tare da shi a kan ka'idar sun yarda da shi a kan wannan. Hujjarsu ita ce gyara ba ya kaiwa inda labarin farko ya kai, kuma gaggawa na cinye lokacin mutane. A Disambar 2015 an nuna wata 'yar alama ta sabuwar ƙwaya a wata semina a CERN, masu gabatarwa ma sun ce ba ta kai a kira ta gano abu ba, amma kafin ta ɓace a Agustan 2016 an rubuta ɗaruruwan takardu ana fassara ta.

In aka jera misalan, za a ga raba gardamar ba a kan wuri ko jinkiri take ba. Higgs an sanar kafin mujalla, ya tsaya. Aikin Rochester ya wuce ta hannun masu tantancewa, ya faɗi. Mai tantancewa takarda yake karantawa, ba ya shiga ɗakin gwaji, ba ya ganin ɗanyen awo sai abin da aka ba shi. Dias ya riga ya sami wata takardar da Nature ta janye a Satumbar 2022, bayan masana irin su Jorge Hirsch sun daɗe suna neman ɗanyen bayanai suna nuna abin da bai yi daidai ba a cikinsu. A karo na biyu ya ƙi raba samfurin sinadarin da sauran masu bincike, yana kafa hujja da haƙƙin mallakar kamfaninsa. Cikin 'yan kwanaki wata tawaga a Jami'ar Nanjing ta China ta haɗa nata ta auna, ba ta ga abin da aka faɗa ba. Takwas daga cikin marubuta 11 ne suka nemi a janye takardar, kuma sashen labarai na Nature ya ruwaito ɗalibansa suna cewa sun nuna shakku tun da farko, amma sa'o'i kaɗan aka ba su su duba daftarin. Binciken da jami'ar ta sa aka yi ya same shi da ƙirƙirar bayanai, zargin da ya musanta. Ke nan shingen da ya fara karyewa shi ne mafi ƙanƙanta, wato zaman malami da ɗalibansa.

Wannan ya kawo wata gardamar, ta yadda za a yi tambayar. Wasu na ganin salon Landau na kora masu basira, musamman matasa da mata, ya mayar da ɗakin fagen nuna isa, shi ya sa sassa da dama suka kafa ƙa'ida, kamar a bar ɗalibai su fara tambaya ko a hana katse mai jawabi a mintunan farko. Wasu kuma na tsoron ladabi ya yi yawa har a koma tafi da shan shayi. Duka ɓangarorin dai sun yarda cewa seminar da ƙarami ba ya iya tambayar babba a cikinta ba ta yin aikinta.

Yadda abin ke shafar wanda ba masani ba

Na farko aljihu. Sinadarin da ke kai wuta ba asara an san shi tun 1911, lokacin da Kamerlingh Onnes ya gan shi a Leiden a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. Irinsa ne ke cikin na'urar MRI ta asibiti, sanyaya shi kuma na cikin abin da ke sa hoton tsada. Don haka duk sanarwar cewa an samu mai aiki a zafin ɗaki tana motsa kasuwa. A tsakiyar 2023, da wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ɗora daftari a arXiv kan wani sinadari mai suna LK-99, hannayen jarin wasu kamfanoni suka yi sama, sannan suka rikito cikin makonni, da gwaje-gwajen wasu suka nuna ba haka ba ne. Waɗanda suka saya a makare su suka kwana ciki.

Na biyu yarda. Mai jin “an gano” yau, gobe “an janye”, yana iya yanke cewa duk maganar masana iska ce. Tambayoyin ɗakin semina suna iya yi masa amfani, kuma ba sa buƙatar digiri: a ina aka faɗa, gaban wa? Wata tawaga dabam ta sake gwadawa? An ba wasu damar ganin awon? Su ne dai tambayoyin da suka dace da bidiyon da ke yawo a WhatsApp na janareta da ake cewa ba ya shan mai ba ya buƙatar caji. Sashen fiziks zai tambayi nawa ne ke shiga, nawa ke fita, awa nawa ya yi yana aiki, wa ya buɗe akwatin ya duba.

Na uku ɗalibai. A jami'o'in Najeriya mai neman digiri na biyu ko na uku sai ya bi jerin seminoni, daga kare ƙudurin bincike zuwa jarrabawar baka gaban malamin da aka gayyato daga waje. Duk abin da ya tsayar da jerin, kamar yajin aikin malamai na wata takwas a 2022, ya tsayar da shi. Inda kuma masu sana'ar reshe guda ba su fi mutum ɗaya ko biyu a sashe ba, tambayoyin kan koma kan tsarin rubutu maimakon kan awo. Wannan kaɗaici tsohon ciwo ne. Shi ya kori Abdus Salam daga Lahore zuwa Ingila a 1954, shi ya sa kuma ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya a 1964, don masanin ƙasa mai tasowa ya riƙa zuwa yana samun abokan muhawara ya koma gida. Makarantar fiziks ta Afirka da aka fara a 2010, wadda Kumasi ta karɓi baƙuncinta a 2012, irin wannan giɓi take ƙoƙarin cikewa. Tun annobar korona seminoni da yawa sun koma intanet, ɗalibi a Katsina ko Maraɗi na iya kallo in yana da data da wuta. Sai dai mai jawabin da ya san ana naɗar maganarsa yakan bar ɗanyen aikinsa a gida.

Akwai kuma masu cin kasuwar wannan buƙata. Tunda ƙarin girman malamin jami'a na rataye da yawan takardu da tarukan da ya halarta, kamfanoni sun taso suna shirya taruka masu manyan sunaye da ba sa tantance komai sai kuɗin rajista. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta umarci kamfanin OMICS ya biya sama da dala miliyan 50 kan yaudarar masu bincike ta hanyar mujallu da taruka. A 2016, Christoph Bartneck na Jami'ar Canterbury a New Zealand, wanda ba fanninsa ba ne, ya sami gayyatar wani taron fiziks na nukiliya. Ya riƙa danna kalmomin da wayarsa ke ba shi shawara har suka cika shafi, ya aika da sunan bogi. Cikin awa uku aka amsa masa cewa an karɓi takardar, aka kuma nemi ya biya kuɗin rajista.